Kofi na Goma

Azumin bana ya zo mana da zafi a Gusau, irin zafin da tun hantsi tabarma ke ƙona bayan mutum. Ranar sha biyu ga wata, da la'asar sakaliya, ina tankaɗen garin kunu a tsakar gida, sai Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce daga cikin ɗakinta, "Ɗakin nan da duhu." Ba da ni take ba, da kanta take magana kamar yadda tsofaffi suka saba. Amma kafin in ankara har na ajiye rariya, na isa bakin ƙofarta, hannuna na kan makunnin fitila. Wutar ma an ɗauke ta tun jiya. Na tsaya nan da gari a yatsu, domin ba Inna ce ta koya wa ƙafata wannan saurin ba. Wata tsohuwa ce a Alƙahira, kuma saurin nan ya taɓa jawo abin da har yau ban gama jin kunyarsa ba.

Mun sauka Alƙahira a ƙarshen 2011, gari bai gama dawowa hayyacinsa ba bayan juyin juya hali. Malam Sanusi, maigidana, ya samu gurbin digiri na biyu a fannin fiƙihu, ni kuma na biyo shi da cikin Fati. Yawancin 'yan uwanmu Hausawa suna can Ard al-Liwa ko unguwannin ɗalibai. Mu Allah ya kai mu Wustul Balad, wato tsakiyar gari, ɗaki ɗaya a kan rufin wani tsohon bene mai hawa bakwai. Lif ɗin gidan ya mutu tun kafin a haife ni, in ji bawwab, wato mai tsaron ƙofa, don haka babu tsagar da ban sani ba a jikin matakalar nan.

A hawa na huɗu akwai tsofaffi biyu, wa da ƙanwa, Ammu Yusuf da Tanti Sarina. Matar bawwab ce ta raɗa mini cewa Yahudawa ne, ta faɗe shi ƙasa-ƙasa kamar mai ambaton mugun ciwo. Ni da ban taɓa ganin Bayahude ba sai a bakin masu wa'azi da talabijin, na yi wata guda ina wuce ƙofarsu da sauri ina karanta abin da ya sawwaƙa. Naƙuda ce ta karya ni. Ta kama ni a kan matakala Malam yana makaranta, kuma ƙofar da ta buɗe ita ce tasu. Tanti Sarina ce ta riƙe ni a cikin tasi har asibiti, tana zazzaga wa direba Larabcin da ko matar bawwab ba ta kai ta iya shi ba. Daga ranar ta zama Tanti, ni kuma na zama "ya binti", wato 'yata.

Da na saba da shiga gidansu sai na lura da wani abu. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ta Asabar ba sa kunna wuta, ba sa kashewa, ba sa taɓa ko ashana. Kuma Tanti ba ta taɓa cewa "kunna mini". Wata Asabar na same ta zaune gumi ya jiƙa mata riga, fanka na gabanta a kashe. Ta dube ni, ta dubi bango, ta ce, "Akwai zafi yau, ya binti."

Na ce, "Wallahi akwai, Tanti." Na zauna muka sha zafin tare.

Sai da Ammu Yusuf ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya yi mini bayani. Addininsu bai yarda su roƙi wani ya yi musu aikin da aka hana su ba, amma in mutum ya gane da kansa ya yi, ba laifi. Shi ke nan, na zama gwana. "Ɗakin nan da duhu" na nufin fitila. "Miyar nan ta huce" na nufin risho. Har ta kai ko numfashi Tanti ta ja ranar Asabar na san inda zan nufa, kuma ina taƙama da hakan. Ni dama Rabi ce, tun a gida an san ni da tsalle kafin a gama magana.

A ƙasan benen, ta baya wajen lungu, akwai wani ɗaki da ya kasance shagon ɗinki na mahaifinsu. Nan suke ibada. Akwai manyan wuraren ibadarsu a gari, amma a rufe suke da masu gadi a ƙofa, ba a cika buɗe su ba. Ɗakin nasu kuwa benci huɗu ne, da fitilar mai, da wani kabad a bango mai labulen karan-miski wanda ya koɗe. A cikin kabad ɗin Attaurarsu take, rubutun hannu a kan fata, naɗe cikin kumbon katako. Ammu Yusuf ya ce mini ba a fito da ita a karanta sai maza goma sun hallara, haka ma addu'ar mamaci ba a yin ta sai da goma. Matarsa Rashel ta rasu shekara huɗu kafin zuwanmu, kuma har lokacin bai tsaya ya yi mata wannan addu'ar ba, domin bai taɓa samun goman ba. Ya haura tamanin, zuciyarsa tana ciwo, kullum da ƙwayar magani a ƙarƙashin harshe. Abin da ya rage masa a duniya ke nan, kuma bai ɓoye wa kowa ba.

Lokacin da na fara leƙa ɗakin, tsofaffin mata uku ne da shi kaɗai. Na ce masa, "Ammu, to ku huɗu ke nan, saura shida."

Ya ce, "Mata ba sa cikin ƙirga, ya binti. Saura tara. Kuma mu ba ma nuna mutane da yatsa muna ƙirga su."

Na ce a raina, ashe ko'ina haka abin yake. Shi dai da yake ba ya ƙirga mutane, kofuna yake ƙirgawa. A kan kanta a kicin ɗin Tanti akwai kofunan shayi na gilashi guda goma masu bakin zinariya, na aurensa da Rashel. Duk namijin da ya fara zuwa ibada ya dawo karo na biyu, sai Ammu Yusuf ya sa a sauko masa da kofi ɗaya a wanke, ya zama nasa. Ni ce mai hawa kujera in sauko da su, don ni ce mai ƙafa a gidan.

A cikin shekara biyu na hau kujerar nan sau da yawa. Wani likita da ke aiki a Zamalek ya fara zuwa, yana tako gada da ƙafa saboda Asabar. Ya jawo abokansa uku. Sai ɗalibai biyu Turawa masu koyon Larabci, sai wani mai sayar da tsofaffin littattafai wanda ya shekara talatin a unguwar ba wanda ya san asalinsa, ranar da ya shigo ya tsaya bakin ƙofa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Akwai kuma wani tsoho daga Iskandariya, abokin Ammu Yusuf tun ƙuruciya, wanda ke hawo jirgin ƙasa duk lokacin bukukuwansu. Ɗakin ya fara ɗaukar hayaniya. Aka yi fenti, aka gyara benci, matan suka dawo da toya wani burodi mai kitso ranar Juma'a, ƙamshinsa har rufi. Bayan ibada sai su hau hawa na huɗu su sha shayi su yi ta gardama. Kafin bazarar 2013 kofuna tara ne a kan faranti in an haɗa da na tsohon Iskandariya. Ɗaya ya rage a kan kanta, ƙura ta lulluɓe shi.

Sai azumin shekarar ya zo, a tsakiyar zafi, gari kuma a rikice. Ban taɓa yin azumi irinsa ba, kuma ba na fatan sake yi. Yini kusan awa goma sha shida, ga Fati ban yaye ta ba. Rufin da muke kai shafe yake da kwalta, da azahar sai ta yi laushi ta riƙe silifa. Wuta ana ɗauke ta sau uku sau huɗu a yini, in ta tafi injin da ke turo ruwa sama ya tsaya, sai famfo ya yi ta huci babu ko ɗigo. Da sassafe nake sauka layin burodi, in tsaya cikin mata ana ture-ture har rana ta take, wani lokaci in kai gaba a ce ya ƙare. In na dawo sai ɗibar ruwa daga famfon bawwab: jarka ɗaya in ajiye wa Tanti a hawa na huɗu, in zauna a ƙofarta in huta, in koma in ɗauko tamu zuwa na bakwai, Fati a baya tana zamewa saboda gumi. Tukunyar gas ta yi wuya, in ka ji mai sayarwa yana buga ƙarfe a jikinta daga nesa sai mata su zubo titi ba ko mayafin kirki. Mako guda muka yi da Tanti muna girki a kan murhunta ɗaya, tukunyarta daban, tawa daban, domin ba ta haɗa kayan girkinta da na kowa.

Tanti ba ta taɓa kai ko ruwa baki a gabana ba duk watan. Muna da kwando mai igiya da nake zurawa daga rufi zuwa tagarta. Gab da magariba in zura mata ƙosai uku a takarda, in jawo kwandon da nauyi: gorar zoɓo mai sanyi, wanda ta naɗe da jiƙaƙƙen tsumma ta ajiye a inuwar taga tun safe, don firij ya zama kabad. Ina buɗa baki da zoɓon nan ina jin sa yana sauka har tafin ƙafa. Daga nesa kuma ana jin ihu da harbi, jirage masu saukar ungulu suna shawagi ƙasa-ƙasa har igiyar shanya na rawa. In iska ta juyo daga wajen dandalin da ake zanga-zanga, idanunmu su yi ta ruwa ba mu san me muka shaƙa ba.

Mako ɗaya bayan ƙaramar Sallah abin ya ɓaci gaba ɗaya. An yi asarar rayuka da yawa a gari, aka sa dokar hana fita, aka tsayar da jiragen ƙasa. A bakin titinmu aka girke motar yaƙi da shingen waya. Mai gemu ya zama abin tsoro, ɗalibanmu da yawa suka rage nasu, Malam ya daina fita sai dole. Alƙahira da ba ta barci ta yi tsit tun magariba, har kukan kyanwa kana ji daga lungu na uku. Baƙi suka fara barin ƙasar. Asabar biyu a jere kofuna huɗu kawai na wanke, Ammu Yusuf yana zaune yana kallona.

Amma babban azuminsu yana tafe, wanda suke kira Kippur, dare ɗaya da yini ɗaya ba ci ba sha, kuma shekarar ranar Asabar ya faɗo. Ammu Yusuf ya ɗauki waya ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Likita ya dawo, ɗalibai suka fasa tafiya, aka samu wani baƙo ɗan kasuwa da hanya ta riƙe, aka ara masa kofin tsohon Iskandariya. Ana saura mako ɗaya suka zama tara ba tare da tsohon Iskandariya ba. Da shi goma ke nan cif, karon farko. Sai ga shi babu jirgi, hanyar mota kuma shinge ne bayan shinge, shi kuwa ko tsakar ɗaki sai da sanda.

Ranar Asabar ɗin da ake saura mako ɗayan na shiga na sami Tanti a kicin, tana duban kanta inda kofin yake. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Likita ya ce zuciyar Yusuf ba za ta ga wani Kippur ba." Sannan ta ce, "Mutum ɗaya, ya binti. Namiji ɗaya tak ya rage."

Asabar ce. Tana duban wani abu, tana faɗin abin da babu. Shekara biyu na yi ina amsa irin wannan maganar da ƙafafuna. Na sumbaci kanta na haye sama, zuciyata fes, wai ni na gane.

Yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Bawwab ma ai namiji ne, shekara da shekaru yana zaune a ƙofar, ba a taɓa sauko masa da kofi ba. Wannan kaɗai ya isa ya ankarar da mai hankali. Ni sai na ɗauka masu ilimi ake so, ga shi kuwa ina da malami a ɗaki. A wurinmu in aka ce ana neman maza a gidan maƙwabci ba a tsayawa tambayar wane iri.

Malam ya saurare ni har na gama, ya ce, "Maman Fati, kin san ba zan shiga ibadarsu ba."

Na ce, "Wa ya ce ka yi ibadarsu, Malam? Tsayuwa kawai za ka yi a bakin ƙofa, a ga mutum ya cika. Matar nan ita ta riƙe ni ranar haihuwar Fati. Zoɓon wa ka sha wata guda?"

"Kin tabbata abin da ta roƙa ke nan?"

"Ba ta iya roƙo ranar Asabar. Ni na san yadda take magana."

Ya yi kwana biyu yana juya abin, ya duba littattafansa a kan haƙƙin maƙwabci, a ƙarshe ya yarda zai tsaya daga waje. Sai dai ya ji nauyin a gan shi shi kaɗai a ƙofar Yahudawa, ya ce bari ya nemi abokinsa Malam Idi na Ard al-Liwa su tsaya tare. Ni ma na kira matar Malam Idi, na ce mata tsohon maƙwabcinmu ne ba lafiya, ba shi da kowa, ana neman maza ranar Asabar da safe saboda addu'ar mamaci. Ban ambaci addininsa ba, don kar ta hana mijinta. Maganar ta bi baki uku ko huɗu a Ard al-Liwa, kafin Juma'a ta zama maƙwabcin Malam Sanusi ya rasu babu masu ɗaukarsa. Mu ba mu sani ba. Tanti kuwa na ɓoye mata, so nake in ga fuskarta in ta gani.

Ranar Juma'a ban sauka ba. Ta riga ta ce mini ba sa buƙatar komai, kuma mazan duk a ɗakin ibada za su kwana saboda dokar hana fita, ban ga dalilin kutsawa cikinsu ba. Na zauna na daka yaji, na jiƙa shinkafa don baƙon Malam.

Asabar da hantsi na sauka hawa na huɗu in ga ko Tanti ta tafi. Ƙofa a buɗe, tana kicin cikin farar riga, leɓunanta sun bushe da azumi, amma fuskarta kamar ta amarya. Ta kama hannuna ta nuna mini faranti da haɓa. Kofuna ne a jere don buɗa baki, na bi su da ido, sai na ga na ƙarshen da ƙurarsa, ba a wanke shi ba saboda ranar ba a aiki. Na ɗaga kai, kanta babu komai.

Ta ce, "Jiya da la'asar mutumin Iskandariya ya iso, a bayan motar kifi. Awa tara a hanya. Yusuf da kansa ya hau kujera, na ce zai kashe kansa. Yalla, zan sauka, yanzu za su buɗe kabad."

Kafin in buɗe baki na ji hon a ƙasa. Na leƙa ta taga. Wata farar bas ce ta tsaya a bakin lungu, mutanenmu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya: fararen kaftani, huluna, gemu, wani har da carbi a hannu. Su goma sha huɗu. Sun zo jana'iza, kuma wa ya isa ya hana Bahaushe zuwa jana'iza? Na hango Malam yana ɗaga musu hannu yana ƙoƙarin yin bayani, su kuma suka yi abin da suka saba, suka jeru sahu a gaban ƙofar suna jiran a fito da mamaci.

Na sauka hawa huɗun nan ban san ko na taka matakala ba, amma na makara. Masu tsaron bakin titi sun ga gungun masu gemu sun yi sahu a ƙofar Yahudawa, a irin wannan wata. Ba na ganin laifinsu, ko ni ce abin da zan zata ke nan. Suka zo da gudu da bindigogi, aka sa mutanenmu suka durƙusa fuska ga bango. Wani hafsa ya tura ƙofar ɗakin ibada, na hango ciki ta bayan kafaɗarsa. Maza goma lulluɓe da fararen mayafai, ƙafafu ba takalmin fata, labulen kabad a zuge. Likita yana rungume da kumbon Attaura bai kai ga ajiye shi a kan tebur ba. Ammu Yusuf yana tsaye a gaba, hannunsa ɗaya a kafaɗar tsohon Iskandariya.

Hafsan ya ce kowa ya fito, don tsaron lafiyarsu. Ammu Yusuf ya ce, "Ya ibni, ɗana, rabin awa kawai. Shekara shida nake jiran rabin awar nan."

Hafsan ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya hajj. Khalas, magana ta ƙare, ku fito."

Aka rarraba su a titi ana duba takardu, baƙin aka kira ofisoshinsu aka zo aka kwashe su a motoci. Mutanenmu aka loda su a babbar mota, har da Malam. Ina tsaye da Fati a baya ina cewa ni ce, ni na kira su, ba wanda ya ko dube ni. Kafin azahar an ja ƙofar ɗakin an ɗaura mata tsumma an manna jan kakin hukuma, wai taro ne ba da izini ba. Tanti tana zaune a kan bencin bawwab, ba ta yi kuka ba.

Kwana biyu aka sako su Malam. Malam Idi iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare bai sabunta ba, aka mayar da shi gida saura wata huɗu ya kare kundinsa. Matarsa ba ta sake ɗaga wayata ba, kuma tana da gaskiya. Baƙin nan wuraren aikinsu suka hana su sake zuwa lungun. Mai littattafai ya koma shagonsa, in ya gan ni sai ya juya baya. Malam bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Na tambaye ki ko kin tabbata."

Mako biyu ina wuce hawa na huɗu a kan yatsun ƙafa. Ina ajiye jarkar ruwa a ƙofa in gudu. Kwandon ma na daina zurawa. Wata Asabar ina cikin sanɗar nan sai na ji muryarta daga ciki, ƙofa a ɗan buɗe: "Ɗakin nan da duhu."

Na daɗe a tsaye kafin in shiga. Na kunna fitila. Ammu Yusuf yana kwance a doguwar kujera, ya rame har zoben hannunsa na yawo. Na durƙusa na faɗa musu komai, tun daga kicin har bas, ina yi ina kuka. Tanti ta ce, "Ni ba roƙonki na yi ba, ya binti. Kuka nake yi, kuma ke kaɗai gare ni da zan yi wa. Sai Bayahude ake ƙirgawa. Ban taɓa zaton ba ki sani ba."

Ammu Yusuf ya ce, "Su nawa kika kawo?"

Na ce, "Sha huɗu, Ammu."

"Sha huɗu." Ya rufe ido, kafaɗunsa suka girgiza, ban san ko dariya ce ba. "A mako ɗaya. Ni shekara shida ina neman goma." Can ya buɗe ido ya ce, "Ki riƙe mini su. Hawa huɗu ne, ba lif, kuma Sarina ba za ta iya sauko da ni ba."

Cikin sanyin Janairu ya rasu, ranar da aka wuni ana yayyafi. Na gaya wa Malam, Malam ya kira mutum biyar, wannan karon ya faɗa musu gaskiyar ko wane ne, huɗu suka zo. Su suka sauko da shi a kafaɗa, a hankali, suna juyawa a kowace kwana ta matakala, har cikin mota. A maƙabarta, in ji likita, mazansu uku ne. Ba a yi masa addu'ar ba, kamar yadda ba a yi wa Rashel ba.

Bayan kwana bakwai na zaman makoki Tanti ta kira ni kicin. Ranar Talata ce, don haka kai tsaye ta roƙa. Ta ce in hau kujera in mayar mata da kofunan kan kanta. Farantin yana nan inda yake tun ranar Kippur, an rufe shi da ƙyalle. Na wanke su ɗaya-ɗaya ina jerawa a sama. Da na kai hannu kan na ƙarshen, mai ƙurar, na nufi famfo da shi, sai ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Wannan bar shi haka. Ba a sha da shi ba."

Mun bar Alƙahira a 2015, Tanti tana nan a hawa na huɗu, matar bawwab ce ta gaji kunna mata fitila. Yanzu Fati ta fara cika azuminta, ruwa muna da rijiya a gida, ba na hawa ko matakala ɗaya. Mutane suna cewa Rabi ta yi sanyi, ko gishiri maƙwabciya ta ambata sai na tambaye ta sau biyu me take nufi. Ranar nan ma da na tsaya a ƙofar Inna hannuna a kan makunni, sai na janye shi na ce, "Inna, in kawo miki fitila ne?"

Ta ce, "A'a, 'yar nan, faɗa kawai na yi. Zo ki zauna."

Na goge garin a zanina, na shiga na zauna kusa da ita a cikin duhun har aka kira sallah.